Fuskar Baban Direba

Mijina mai hoto ne, kuma duk layinmu babu mai kiransa da sunansa. Kar-Ka-Motsa ake ce masa, don ita ce maganar da ta fi fita daga bakinsa tun daga buɗe shago har rufewa. Ko jariri aka kawo masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce masa kar ka motsa. Shagon namu ciki da falo ne. A gaba akwai kanta da benci da wata fanka mai kukan tsiya. A ciki akwai labule mai zanen teku, da fitilu masu lema, da kujerar zaman ɗaukar hoto wadda ƙafarta ɗaya ke ɗingishi sai an cusa mata kwali.

Da can shi kaɗai ke zama. Da kowa ya mallaki waya mai kyamara, sai ciniki ya koma hoton fasfo da gyaran tsofaffin hotuna. Ni kuma yara sun shiga makaranta, zaman gida ya ishe ni, na ce zan riƙa zuwa ina kula da kwamfuta. Ni na buɗe wa shagon shafi a intanet. Ni kuma na sauke wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda in ka ba ta hoton da ya lalace za ta gyara shi kafin shayinka ya huce. Maigida bai taɓa ƙaunar ta ba. Aljanarki yake ce mata.

Wata rana da hantsi wani direban bas ya shigo, dogo, da tawul a wuya. Ya zaro wani hoto daga leda ya ajiye a kan kanta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Babanmu ne, Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi. Ruwa ya shiga akwatin Inna."

Mutum ne a tsaye yana riƙe da keke. Riga da wando da keken duk suna nan, amma daga ido zuwa haɓa fuskar ta yi fari fat kamar an goge ta da soso.

Maigida ya ɗaga hoton wajen haske ya girgiza kai. "Malam, rigar zan gyara, keken ma zan gyara. Amma fuskar da ban taɓa gani ba, daga ina zan samo ta?"

Na ce a miƙo mini nan.

Ba a jima ba fuska ta fito a allon kwamfuta. Wani kyakkyawan mutum ne, hanci kamar an ja da rula, haƙora a jere farare tas, har da ɗan murmushin gefen baki. Direba ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Ina ƙarami ya rasu, ba zan iya rantsuwa ba. Amma wannan ya yi kama da babanmu in da a ce ya samu hutu."

Na wanke masa, na sa a firam, ya tafi.

Washegari sai ga shi da mahaifiyarsa, wata gajeriyar tsohuwa mai tabarau mai kauri, tana tafe tana dariya ita kaɗai, firam ɗin a hammata.

"Wa ya yi wannan aikin?" ta tambaya.

Maigida ya nuna ni da sauri, har da matsawa gefe.

"'Yata, zo nan," ta ce. "Mijina wushirya gare shi, in yana dariya har iska na wucewa. Hancinsa kuwa kamar an zauna a kai. Kunnuwa kuma sai ka ce zai tashi sama. Wannan da kika ba ni ɗan fim ne."

Kunya ta kama ni. Na fara ba ta haƙuri, na ce a kawo in cire shi.

Ta rungume firam ɗin. "A'a, wa ya ce ki cire? Na yi shekaru ina haƙuri da wancan. Bari in ɗan huta da wannan."

Dariya muka yi har mai gyaran waya na kusa da mu ya leƙo. Kafin su tafi na roƙe su izinin sa hotunan a shafinmu, tsohon da sabon, da maganar Inna a ƙasa. Direba ya ce babu komai. Inna ta ce in tabbata na rubuta zancen kunnuwan.

Ni dai don raha na sa. Ashe a makon nan labarai sun cika da zancen wani daftarin doka da ke gaban majalisa, wanda ya ce duk hoton da na'ura ta ƙirƙira dole a rubuta a jikinsa. Hotonmu ya faɗo a tsakiyar wannan rigima. Kafin la'asar wayata ta yi zafi don shigowar saƙonni.

Masu harkar kwamfuta suka ce wannan ci gaba ne, wanda bai so ba ya koma zamanin fitilar ƙwai. 'Yan kasuwa suka ce tunda mai kaya ta ce tana so, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Wani ya ce to gobe in aka yi wa mai neman aure irin wannan gyaran, wa zai ɗauki alhakin abin da amarya za ta gani? Wata ta ce ita dai a ba ta sunan manhajar, tana da miji a raye da ke buƙatar taimako.

Sai ga wani dogon sharhi, sakin layi bayan sakin layi, kowanne da lambarsa. Tun kafin in duba sunan na san mai shi. Autanmu ne, lauya, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya tambaye ka a wane sashe na doka take.

"Da girmamawa ga mai wannan shafi," ya fara, "wadda yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya." Daga nan ya bayyana cewa wanda ya kawo hoton mahaifinsa a gyara, aka ba shi fuskar wani, ba a ba shi abin da ya nema ba, ko da ya yi dariya ya karɓa. Ya ce jikokin da za su taso su ga hoton a bango za su ɗauka kakansu ne, kuma babu wanda ya nemi izininsu.

Na kira shi nan take.

"Kai, ni za ka tsayar a gaban duniya?"

"Yaya, doka ba ta san yaya ba."

"To tukunyata ma ba ta san ƙane ba. Kar in ga ƙafarka ranar hutu."

Ranar hutu kuwa shi ya fara zuwa, ya ci ya ƙara, yana ci yana karanta mini amsoshin da mutane suka ba shi.

Abin da ban zata ba shi ne na cikin gida. Maigida, wanda waya a wurinsa ta kira ce da amsawa, ya ce in buɗe masa nasa shafin. Na buɗe masa da murna, a zatona zai shigo ya kare ni. Ya sa tabarau a kan hanci, ya zauna a benci yana danna haruffa da yatsa ɗaya, harshe a waje. Da ya gama na duba.

"Ni ne mai shagon," ya rubuta. "Wannan ba hoto ba ne, zane ne. Hoto shi ne abin da ya tsaya a gaban kyamara. Wannan mutumin bai taɓa tsayawa a gaban kowa ba."

Na ɗago na kalle shi. Ya ɗauke kai yana kallon fanka.

Na amsa masa ta shafin shago: "Mai shagon ya manta shi ya ce ba zai iya ba."

Ya karanta, ya yi gyaran murya, ya koma kan yatsansa. Haka muka wuni, tsakaninmu bai fi taku kaɗan ba, ba mai ce wa wani uffan da baki, sai ta waya. Mutane suka gane mata da miji ne, abin ya zama kallo. Aka rabu gida biyu, 'yan Maigida da 'yan Madam. Wasu har shago suke zuwa wai hoton fasfo, alhali so suke su ga ko da gaske muna gaisawa.

Ba duka ne da daɗi ba. Wani ya kira mu macuta. Wata ta ce muna wasa da mamaci don neman suna. Wannan ta tsaya mini a rai, har na kira Direba na ce zan sauke hoton.

"Kar ki soma, Madam," ya ce, ƙarar mota na tashi a bayansa. "Kullum da yamma sai matata ta karanta wa Inna sharhin mutane. Rabon da a yi hirar babanmu a gidanmu haka, har na manta."

Sai na bari.

Ana cikin haka wata 'yar jarida mai shirin tattaunawa kai tsaye a intanet, kan fasaha da kasuwanci, ta nemi mu fito. Ta gayyaci Maigida da Lauya, da wata injiniya mai rubuta manhajoji wadda za ta shigo daga ofishinta, kamar yadda ita ma 'yar jaridar za ta yi daga nata. Ni na ce ba na son fuskata a duniya, zan kula da waya. Muka ɗora wayar a kan ƙafar kyamara, muka jera kujeru a gaban labulen teku. Lauya ya zo da kwat da laktaye cikin zafin rana, yana zufa yana cewa shi bai ji komai ba.

Maigida ya fara da ƙarfinsa. Ya ce shi tun yana saurayi yake wannan sana'a, bai taɓa yi wa kyamara ƙarya ba.

Injiniyar ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi murmushi. Ta bayyana cewa manhajar ba ta san mutumin ba, cikin fuskoki masu yawa da ta taɓa gani take canka wadda za ta dace da gurbin, shi ya sa take fito da kyakkyawa, don masu kyau sun fi yawan ɗaukar hoto. Sai ta ce, "Baba, in tambaye ka. Ba ka taɓa cire wa amarya ƙurji ba?"

Maigida ya gyara zama. "Ƙurji ai baƙo ne. Zuwa ya yi, zai tafi."

"Tumbin ango fa?"

Maigida ya shiga gyara tabarau. Ni kuwa a bayan waya na toshe baki, don na san ango nawa aka rage wa ciki a kwamfutar nan bisa umarninsa.

"An ɗan taɓa," ya ce a ƙarshe. "Amma da izininsa."

Lauya ya karɓe. Ya ce shi ba ya gaba da manhaja, abin da yake so a rubuta gaskiya a ƙasan hoto, layi ɗaya tak, ba zai kashe kasuwar kowa ba. Injiniyar ta ce ta yarda, amma daga ina za a fara rubutawa? Daga ƙurji, ko daga tumbi, ko sai an kai fuska? Lauya ya ce gaskiya nan ne daftarin bai yi bayani ba, kuma ya kamata a gyara. Wannan ne karo na farko da na ji autanmu ya ce wani abu bai cika ba alhali a rubuce yake.

Ana tsaka da wannan sai wani mutum ya shigo a gaggauce, wai hoton fasfo yake so yanzu-yanzu. Na yi masa alama da hannu ya jira. Ina! Maigida ya riga ya miƙe. Ya janye mutumin gefe, ya jingina shi da farin bango, ya bar kujerarsa babu kowa a gaban duniya. 'Yar jaridar na cikin yi masa tambaya sai aka jiyo muryarsa daga gefe: "Ɗaga haɓa. Kar ka motsa!"

Saƙonni suka riƙa gudu a allon waya kamar ruwa. 'Yar jaridar ta kifa kai a tebur tana dariya. Lauya, wanda shi kaɗai ya rage a hoto, ya zauna ƙiƙam bai motsa ba shi ma.

Da aka natsu, 'yar jaridar ta ce bari ta karanta wasu saƙonni. Ta karanta na masu zagi da na masu yabo. Sai ta tsaya.

"Ga wani daban," ta ce. "Wani dattijo ya rubuta: Ni ban san komai a kan doka ba. Amma na san keken nan. Ni na sayar masa da ƙararrawar. Tare muka yi aiki a masaƙa, shi ne golan ƙungiyarmu ta ƙwallo. Ina da hotonmu gaba ɗaya."

Na yi maza na rubuta sunan mai saƙon a takarda.

Bayan shirin na nemi dattijon. Ya ce shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar a wancan zamani, kuma har yau Kyaftin ake kiransa. Na ce ya ɗauki hoton da waya ya turo. Ya ce sam, hoton nan ba ya shiga waya, kuma ba ya kwana a hannun kowa. Da ƙafarsa zai kawo. Direba da ya ji, ya ce ai unguwar a kan hanyarsa take. Shi ya ɗauko shi a gaban bas, kusa da shi.

Kyaftin siriri ne, da sanda, da muryar da ta fi jikinsa girma. Ya kwance hoton daga cikin tsohuwar jarida. Matasa ne a jere cikin gajerun wanduna, wasu a tsaye wasu a durƙushe. Ya ɗora yatsa a kan na ƙarshen layi, mai riƙe da ƙwallo.

"Ga shi nan. Katanga muke ce masa."

"Saboda ba a cin sa?" in ji Direba, ido ya kawo ruwa.

"Saboda ba ya motsi," in ji Kyaftin. "Ƙwallo ta wuce ta dama, ta wuce ta hagu, yana nan a tsaye."

Matsalar ita ce fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Maigida ya sa gilashin ƙara girma ya duba, ya sake dubawa, ya yi ta zagaye kanta. Daga baya ya zo ya tsaya a bayana yana sosa ƙeya.

"Maman yara."

"Na'am."

"Ki ce wa aljanarki ta ƙara masa girma. Amma wallahi in ta taɓa masa haƙori ɗaya, ni da ita ne."

Haka muka yi aikin tare. Manhajar ta buɗe fuskar ta fito da ita sarai, sai dai duk lokacin da aka saki mata linzami sai ta nemi toshe wushiryar nan ta miƙe hancin. Maigida na tsaye a kaina yana cewa mayar, mayar. Inda ta yi kuskure shi ya bi da hannu, ɗigo bayan ɗigo, yana duba hoton ƙwallon, Kyaftin kuma na zaune a benci yana ba da umarni. "Kunnen bai kai ba. Ƙara. Ƙara dai, kar ka ji tausayinsa."

Da muka gama Direba ya je ya ɗauko Inna. Ta shigo da zolayarta kamar kullum, tana tambaya ko an sake samo mata wani sabon mijin. Maigida ya juyo da firam ɗin.

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Kai," ta ce a hankali. "Ashe kana nan."

Direba ya kalli hoton, ya juya ya kalli madubin da masu hoton fasfo ke gyara hula a gabansa, ya taɓa hancinsa.

"Inna, ashe nawa ne."

"Da na wa ka zata? Na maƙwabta?" Ta share ido da bayan hannu. "Dube shi. Ko a hoto bai iya taje kai ba."

Na tambaye ta yadda za a yi da ɗan fim ɗin. Ta ce wannan na gaskiyan falo za shi. Wancan kuma in rubuta masa abin da lauyanmu ya ce a ƙasa, cewa na'ura ce ta yi, za ta rataye shi a kicin don in maƙwabta sun shigo aron wuƙa su ji haushi. Na buga layin na manna. Na ɗauki hotonsa na tura wa auta, ya amso da cewa rubutun ya yi ƙanana, amma ya karɓa.

Na sa sabon hoton a shafinmu da yammar nan. Mutane sun yi murna, amma ba kamar na farko ba, don duniya ta riga ta koma kan wata sabuwar rigima, ta harajin masu kai saƙo a babur, kuma Lauya na can tsakiyarta da lambobinsa. Daftarin dokar ma har yau yana majalisa. Mu dai tun daga lokacin tsofaffin hotuna suke ta zuwa mana, a leda, a cikin littafi, wani ma a cikin murfin tukunya, kuma kowa sai mun tambaye shi ko akwai wani a dangi ko abokai da ya san fuskar.

A ranar dai Inna ba ta tafi da wuri ba. Ta zauna a benci ita da Kyaftin, Direba ya jawo kujera ya zauna a gabansu kamar ɗalibi. Kyaftin ya shiga ba da labarin wani wasa da suka yi da ma'aikatan kamfanin sabulu, yadda ƙwallo ta taho a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ta bi ta tsakanin ƙafafun Katanga ta shige, shi kuwa yana can yana ɗaga wa wata yarinya hannu a cikin 'yan kallo.

"Wace yarinya?" in ji Direba.

"Tambayi uwarka," in ji Kyaftin.

"Ƙarya yake yi," in ji Inna, tana gyara mayafi. "Ni ruwa na je sayarwa."

Wayar Direba ta yi ta ƙara a aljihu, daga tasha ake nemansa, layinsa ya zo fasinja sun cika mota. Ya ciro ta ya duba, ya ce wa mai kiran a ba na bayansa, ya kashe, ya ce wa Kyaftin, "Baba, to sai aka yi yaya?"